Motar Da Ba A Mutuwa A Cikinta

Tun da aka yi duniya, mutuwa ba ta taɓa neman izinin kowa ba, sai a kan hanyar Tanut zuwa Damagaram. A can na ga an tsare ta, an ce ta jira likita. Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Isufu, kuma har yau in an tambaye ni inda ya cika, sai in ce a hanya, amma a takarda Damagaram.

A ƙauyenmu na ƙasar Ollelewa, shi ne mai wankan gawa. In ciwo ya yi tsanani shi ake kira, ya dafa ƙirji, ya rufe ido, ya ɗaure haɓa, sannan mata su fasa kuka. Abu guda ya roƙe mu: a kwantar da shi kusa da Baba, gindin aduwa. Har wurin ya nuna mini da sandarsa.

Da ciwo ya kayar da shi, asibitin Tanut suka ce sai Damagaram. Muka shiga motar marasa lafiya, ni da matarsa Hadiza da wani matashin ma'aikacin jinya. Ba mu kai rabin hanya ba, da rana tsaka, numfashi ya tsaya. Hadiza ta ajiye mafici ta ce, "Ɗana, ka ce direba ya juya. Malam ya tafi."

Yaron ya danna ƙirji har gumi ya jiƙa rigarsa. Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Ba bakina ba ne zai faɗa. Sai likita ya gani."

Ta ce, "To, ni na gani."

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A ranar na koyi cewa akwai ganin da ba ya korar komai in ba shi da hatimi. Hadiza ta sake ɗaukar maficinta, tunda an ce ba a sani ba, ta yi ta yi masa fifita har ƙofar asibiti. Likita ya duba, ya faɗi abin da muka sani. Sai aka shaida mana motar ta masu rai ce, ba ta komawa da gawa. Da za mu tafi ba ta yarda ya mutu ba, da za mu dawo ba ta yarda da shi ba don ya mutu. Ga zafin bazara, ga izinin ɗaukar gawa, ga neman wata mota. Kafin magariba baƙi suka yi masa wanka, muka kai shi maƙabartar birni.

Na daɗe ina jin haushin yaron nan. Yanzu da furfura ta rage mini gardama, ina zaton Yaya da kansa zai goya masa baya. Shi ma bai taɓa barin a yi kuka da wuri ba. Yakan ce suma ƙanwar mutuwa ce, kuma sun yi kama ƙwarai. Dokar don mai sauran kwana aka yi ta, ba don ta ɓata mana ba. Sai dai da ya ga yau, kowane makiyayi da waya a aljihu, ana cinikin raƙumi daga Tarka ba a ga juna ba, zai tambaya a hankali, kamar yadda ya saba: ashe ba a iya samun likita a wayar nan, ko a ajiye mana wanda zai iya faɗar an mutu a hanya?

Me ya rage nasa? Samarin da ya koya wa wanka suna nan, ba sa gaggawa, ba sa tona asirin mamaci. Hadiza ta hana a taɓa wurin nan na gindin aduwa, duk da maƙabartar ƙauyen ta cika. Lokacin da nake koyarwa nakan ce wa ɗalibaina, mutumin kirki ba ya ɓacewa. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi nan.

Bana na je Damagaram in yi masa addu'a. Ban gane kabarin ba.