Ragon Sunan da Aka Mayar Etoudi

"Ka ci naman sunan jikan Mijinyawa?"

"Wane nama? Ai ragon da ƙafarsa ya koma kasuwar Etoudi."

"Kai, tsohon nan! Ya iya ɗinki, ya fi iya farkewa."

Mijinyawa yana jin 'yan unguwa ta bayan labule, bai ɗaga kai daga keken ɗinki ba.

Shekara arba'in yana ɗinki a unguwar Briqueterie, a shagon da ya gada wurin mahaifinsa, marigayi Malam Alim. Da allurar nan ya tura ɗansa Najib karatu Latviya. Can Najib ya auri 'yar ƙasar, aka haifi namiji, ya yi masa huɗuba da sunan marigayin. A ranar, Mijinyawa ya rufe shago ya sayo rago. Washegari hoton takardar haihuwa ya shigo waya, an rubuta Alims maimakon Alim.

Sai ya yanke wa kansa cewa surukai ne suka ƙyamaci sunan, Najib kuma ya miƙa wuya. Bai tambayi kowa ba. Ya ce wa liman an fasa taron suna, ya aika wa ɗansa saƙon murya: "Ubana ba ya bukatar kwaskwarima." Wata takwas Najib yana kira, shi yana kifa wayar a kan yadi.

Rannan Rayyan, ɗan maƙwabcinsa mai karatun likita a Lituwaniya, da ya zo hutu, ya kawo ɗinki. Ana cikin awo ya ce, "Baba, ni ma can Rajanas nake a bakinsu. Harshensu ba ya ɗaukar sunan namiji sai an ƙara masa wutsiya. Latviya kuwa ofis ne ke rubutawa, ko ka so ko ka ƙi. Najib ya gaya mini sau uku yana komawa a cire. Matarsa ce ke masa tafinta, har kuka ta yi musu."

Mijinyawa ya auna kafaɗar Rayyan sau biyu, duk bai riƙe lambar ba. Ko sunan matar ɗan nasa bai taɓa tambaya ba. Jikan yanzu ya kusa rarrafe, fuskarsa ma bai yarda ya kalla ba.

Da Rayyan ya fita, sai ya leƙa cikin gida inda matarsa ke tsince shinkafa.

"Hansai, ajiye wannan. Kira mini Najib. In ya ɗauka ki fara magana, ni muryata ba za ta fita ba. Kuma ki ce ya ba matar, ita zan fara gaisarwa."