Kwastomar Inna

Ingilishi nake koyarwa a kwaleji a Damagaram, kuma akwai kalma guda da ba na son darasi ya kai ni kanta, wato kwastoma. Yara sun san ta tun kafin su shigo aji, domin 'yan kasuwar Zango masu zirga-zirgar Kano sun daɗe da kawo mana ita tare da atamfa da robobi. Nakan gaya musu tushenta kalma ce mai nufin al'ada ko sabo, kuma Ingilishin ma aro ya yi daga tsohon Faransanci. Daga tushen nan ne aka sami kwastan, waɗanda mu muke kira duwan, saboda harajin da aka saba karɓa a bakin iyaka. A wurin masu harshen, mai saye ake kira da ita. A kasuwarmu kuwa, mai saye kwastoma, mai sayarwa kwastoma, muddin an saba. Yara su duƙufa suna rubutawa, ni kuwa raina ya gama ɓaci, sai in yi sauri in wuce.

Innata turaren wuta da humra take yi a gidanmu na unguwar Birni, sana'ar da ta gada daga uwarta. Kowa ya san abin da ake zubawa: itacen hawi, kajiji, farce, miski, sukari. Abin da ba a sani ba shi ne haɗin, me ke riga me shiga tukunya, da lokacin da ake cewa ya isa. A gidanmu ba a faɗar haɗi da baki. Ƙofa ake rufewa, ɗiya ta zauna gefen uwarta tun daga wankin farce har ranar da za a buɗe tulu, makonni a jere, hannunta da hancinta su ɗauka. Kuma ba a ba ɗiya sai ta yi aure ta zauna wuri ɗaya. Ni ko ina yin aure aka tura mu aiki garin Takieta, ni da maigidana. Duk zuwan da na yi hutu sai Inna ta ce in bari sai na dawo gari da zama, haɗi ba ya son gaggawa.

A bakin wata Hajiya ta Zango na fara jin kalmar, ina yarinya. Ita ke sarin turaren Inna tana kaiwa Kano. Tun daga zaure take rangaɗa sallama tana kiran kwastomarta, Inna kuma ta amsa mata da sunan nan, su yi ta dariya. Inna ba ta san Ingilishi ko ɗaya ba, amma ta ɗauki kalmar ta ba ta matsayi sama da ƙawa. Kwano ɗaya suke ci. Ranar aurena Hajiya ce ta riƙe hannuna har ɗakin miji, kukanta ya fi na Inna. Duk sayen da ta yi kuma, sai Inna ta ɗora mata gyara, dunƙulen turare a ƙullin leda, wai na ɗakinta.

Ina Takieta ciwon yanar ido ya rufe idanun Inna. Hancinta bai taɓu ba, sai dai ba ta ganin launin sukari a wuta, ba ta ganin bakin kwalba. Wani zuwa da na yi, na tarar da ƙofar ɗakin haɗi a rufe, ina jin muryoyi biyu a ciki. Inna na cewa a ƙara, Inna na cewa ya isa, Hajiya na zubawa. Da suka fito ban ɓoye fushina ba. Na tambayi Inna yaushe aka fara shigar da bare ɗakin da ni ɗiyar cikinta ban shiga ba. Ta ce ai wannan ba bare ba ce, kwastomarta ce, aron ido kawai ta yi. Hajiya ta kamo hannuna ta ɗora a kan nata, hannun duk ƙamshin humra.

Ta ce, “Ɗiyata, ajiya ce a wurina. Ranar da kika dawo, ki zo in miƙa miki kayanki.”

Na yarda. Wa zai ƙi yarda da matar da ta kai shi ɗaki? Sabo turken wawa, in ji Hausawa, kuma da ni da Inna a turke ɗaya aka ɗaure mu.

Inna ta rasu kafin a maido mu Damagaram. Hajiya ta zauna makoki tare da mu, tana karɓar gaisuwa kamar 'yar gida. Daga nan ƙafarta ta ɗauke. Na yi mata uzuri da tafiye-tafiye, har ranar da wata abokiyar aikina ta wuce ni a farfajiyar kwaleji, ƙamshin mayafinta ya tsayar da ni cak. Ƙamshin ɗakin Inna ne, ba kama ba, shi ne. Ta ce a sabon kantin Hajiya na Zango ta saya, har ta ciro kwalbar daga jaka ta nuna mini. An manna mata takarda mai ruwan zinariya, wai haɗin gado daga kakannin mai kanti. Kakar Hajiya dai, kowa a Zango ya sani, ƙuli-ƙuli take soyawa.

Ana tashi na hau kabu-kabu. Ta tarbe ni da fara'a, ta sa aka kawo mini lemo mai sanyi, ta yi wa Inna addu'a mai tsawo. Na bari ta gama, sannan na ce na dawo gari da zama, na zo karɓar ajiyata. Ban nemi ta daina sayarwa ba. Na ce ta ci gaba da kasuwarta, ni dai ta rufe ƙofa da ni sau ɗaya, hannuna ya ɗauki abin uwata, don ina da 'ya'ya mata.

Ta gyara zaman mayafinta, ta ce, “Malama, ke ma kin san ƙa'idar sana'ar nan. Haɗi ba ya fita daga gida. Ni ma ina da 'ya'ya mata.”

Da al'adar gidanmu ta rufe mini ƙofa. Ban taɓa jin an ci amanata irin ta ranar ba, kuma har yau ban yafe ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban iya fita hannu wofi ba. Ba inda zan ƙara jin ƙamshin uwata a duniya sai a kantin nan. Na nuna ƙaramar kwalba, na biya yadda kowa ke biya. Ta sa a leda, sannan ta ɗebo dunƙulen turare ta ƙulla daban, irin ƙullin Inna sak, ta jefa a ciki.

Ta ce, “Ga gyara, kwastoma. Sai kin sake zuwa.”

Kuma ina zuwa, duk lokacin da kwalbar ta ƙare.