Cinikin da Aka Shafa wa Fatiha

Shekara goma sha tara Rahmat Diyar ya yi yana dakon buhuna a kasuwar kayan gwari ta Peshawar, kuma a duk shekarun nan babu abin da ya ci masa rai irin dankalin ƙauyensu. Tun daga nesa yake gane shi. Ƙasar kwarin Lotkoh tana manne a jikinsa, wani lokaci har ɗinkin bakin buhun yakan san na gidan wane ne. Yana tsaye da igiya a kafaɗa za a yi gwanjonsa, ya ji kuɗin da dillalai ke kira, ya tuna abin da fatake ke ba mutanen gida a bakin gona. Ninki uku ne, wata shekarar huɗu. Sai ya sunkuya a ɗora masa, ya kai wa mai shi.

Da gwiwoyinsa suka fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ya tattara ya dawo gida da niyya guda ɗaya tak: ya mallaki mota, ya loda dankalinsa da hannunsa, ya shiga ƙofar kasuwar nan a zaune.

Wan matarsa, Sher Ajam, dillalin motoci ne a garin Chitral. Irin motocin da kowa ke hawa a tsaunukanmu yake sayarwa, waɗanda ake shigo da su ta kan iyaka ba a biya musu kwastan ba. A cikin duwatsu babu mai tambayar ka, ka yi ta yawonka. Amma in ka gangara kudu ka isa shingen Dargai, nan iyakarka. Daga sandar nan zuwa gaba, mota marar lamba ta hukuma ce.

Rahmat Diyar ya san wannan sarai. Abin da ya sani kuma shi ne bai san komai a kan mota ba, don haka ya ce wa matarsa Gul Andam zai ɗauki bakanike su tafi tare.

Ta dakata da murza gurasa. "Bakanike? Wajen yayana? Baban Nasira, ai gara ka tsaya a tsakiyar kasuwa ka kira shi ɓarawo, ya fi sauƙi. Da wane ido zan shiga gidanmu?"

Sai ya fasa. Ya roƙi Ustaz Purdum ya raka shi a matsayin dattijo. Purdum tsohon direba ne, kuma a wajenmu duk wanda ya tsufa a kan sitiyari Ustaz ake ce masa, ko da bai iya rubuta sunansa ba.

Motar tana fake a bayan shagon Sher Ajam: farar akori-kura ƙarama mai ƙofa biyu, mai ja da ƙafa huɗu. Ta girmi 'yarsa Nasira, wadda a lokacin har an sa mata rana. An shafe ta da sabon fenti har ƙarƙashinta, tana ƙyalli kamar amarya.

"Ka ji injin?" in ji Sher Ajam, yana dukan bodin da tafin hannu. "Wannan ba mota ba ce, akuyar dutse ce. Ka sauka ka murɗa waɗannan ƙarafan na tayoyin gaba, ka ja ƙaramar giya, wallahi ko bango ka nuna mata za ta hau."

"Lal," in ji Rahmat Diyar, don haka ake kiran na gaba, "to takardu fa? Ni Peshawar nake so."

"Kai da ka sha birni kake tambaya kamar wanda bai taɓa barin bayan awaki ba? Afuwa na nan tafe! Gwamnati za ta buɗe ƙofa, kowa ya biya ɗan abin da ya sawwaƙa, a ba shi lamba. Kafin a haƙe dankali, in Allah ya yarda. Ranar nan kuɗin wannan zai ninka, kai kuma kana zaune a cikinta. Don kai ne fa. Wani Bapatane, mutumin kudu, ya yi mini sintiri sau uku, na ce ta mijin ƙanwata ce."

Ustaz Purdum ya zagaya motar sau ɗaya. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya ɗan jima, ya miƙe yana kaɗe gwiwa. Kafin ya buɗe baki an kawo shayi mai gishiri da faranti cike da busassun 'ya'yan itace, Sher Ajam ya riga ya kama hannun surukinsa ya tafa. Purdum ya dubi hannayen biyu, sannan ya ɗaga nasa, aka shafa fatiha.

To a wajenmu in an shafa wa ciniki fatiha, ya rufu ke nan. Ko jaki mai ƙafa uku mutum ya saya, abin da za ka ce masa shi ne Allah ya sa albarka. Lambun tuffar da Rahmat Diyar ya gada da shanu biyu suka tafi a cikin wannan fatihar.

Gaskiya ɗaya ce, motar ba ta yi ƙarya a kan hawa ba. Hanyar ƙauyenmu, wadda manyan motoci ke tsayawa a gada su bar ta, ita hawa take yi, ko tari ba ta yi. Wannan ne ma ya zama masifarta. Mai haihuwa, Rahmat Diyar. Gawa daga asibiti, Rahmat Diyar. Itacen hunturu, siminti, kayan amarya, ɗan maraƙin da ya karye. Duk ƙauyen dangi ne, wa za ka miƙa wa hannu ka ce kuɗin mai? Sai su sauka su ce, "Allah ya saka, Ustaz," shi kuma ya koma ya kwanta a ƙarƙashinta yana ɗaure salansa da waya. Ta ci batir, ta ci kulochi, tana cin tayoyin baya ta gefe guda kamar mai tauna da haƙori ɗaya. Bai taɓa tambayar dalili ba.

Aka haƙe dankali, afuwa ba ta zo ba. Aka sake haƙewa. Duk wanda ya dawo daga gari sai ya tare shi: "Me ake cewa a kan afuwa?" Har yara suka laƙaba wa motar sunan. In ta doso wurin mai shayi sai ka ji, "Ku matsa, ga Afuwa nan ta iso!"

Wani mai shan shayi ya ce masa, "Ustaz, yaushe za mu Peshawar? Na yi wa matata alƙawarin takalmi."

Wani kuma ya ce, "Ka bar shi, yana jira a matso da Peshawar nan kusa da gada."

Yakan yi murmushi ya ce, "Ku yi dariyarku. Ranar da zan tafi ko a kan buhu ba zan ɗauke ku ba."

A shekara ta uku haƙurinsa ya ƙare, ya loda buhu goma sha biyu ya gangara, ko Allah zai sa a dace. Ma'aikacin da ke shingen Dargai yaro ne mai ladabi. Ya ce, "Baba, nan inda kake tsaye motarka ce. In ka wuce sandar nan, ba ni da yadda zan yi maka." A bakin titi ya sayar da dankalin, ƙasa da abin da fatake ke bayarwa a gida. Bai gaya wa kowa nawa ba.

A shekara ta shida, ana saura mako biyu a fara haƙa, labari ya zo da ƙarfinsa: an turo ma'aikata filin wasan dawaki na Chitral, suna duba motoci marasa lamba suna rubuta su. Aka ce duk wadda ta shiga littafin, ita ce za a ba lamba in lokaci ya yi. Rahmat Diyar ya wanke motar a bakin rafi har cikin tayoyi. Gul Andam ta goge masa farar hularsa ta ulu, ta miƙa masa ba ta dube shi ba.

Layin ya kai bakin kogi. Sai bayan azahar aka zo kansa. Mai dubawar wani siriri ne mai tabarau, riƙe da tocila da ɗan ƙarfe. Ya buɗe gaba ya karanta lamba, ya shiga ƙarƙashi. Rahmat Diyar yana jin ƙarar kankare fenti, ƙiƙir, ƙiƙir. Sai ƙarar ta tsaya.

"Baba, zo ka gani."

Ya durƙusa da gwiwoyin nan nasa. A jikin dogon ƙarfen da motar ke zaune a kai, inda aka kankare, ga tabon walda ya zagaye kamar ɗinkin buhu. Haka ma a ɗaya gefen.

"Wannan mota biyu ce," in ji mutumin. "Gaba na wata, baya na wata. Yanka su ake yi a can, a shigo da su a matsayin tsohon ƙarfe, a haɗa a nan. Lambar da ke jikin ƙarfen ma ɗora ta aka yi."

"To amma in afuwa ta zo..."

"Ko afuwa goma aka yi, Baba, yankakkiya ba ta shiga littafi. Ba ka kai ta an duba ba kafin ka saya?"

"Ta gida ce," in ji Rahmat Diyar.

Mutumin ya kashe tocilarsa. "Yawanci ta gida ce. Na gaba!"

Rahmat Diyar ya ja motar gefe. Ustaz Purdum, wanda ya kawo motar ɗansa, yana zaune a kan katangar filin. Tun daga yadda tsohon ya sunkuyar da kai, Rahmat Diyar ya gane.

"Ustaz, ka gani ranar nan."

"Na ga fenti ya yi kauri inda bai kamata ba."

"Amma ka yi shiru."

"Kun riga kun tafa, ɗan'uwa. Ina cikin shagon mutum, shayinsa a hannuna, kai kuma mijin ƙanwarsa. In ce me? Da bakanike ka kawo, shi aikinsa ne ya faɗa, babu mai jin haushinsa. Ni dattijo ka kawo. Aikin dattijo fatiha."

"Shekara shida kuna yi mini dariyar afuwa."

"Direbobi ba su taɓa yi maka ba," in ji Purdum. "Ka tuna da kyau. Mu da muka sani, ba mu taɓa yi ba."

Rahmat Diyar ya biya ta shagon Sher Ajam. Ya same shi yana cin shinkafa da baƙi biyu, ga wata mota a bayan shago da sabon fenti. Ya jira baƙin suka fita wanke hannu.

"Lal, yankakkiya ce."

Sher Ajam ya ci gaba da suɗe yatsu. "Ka tambaye ni na ɓoye maka? Takardu ka tambaya, na gaya maka abin da kowa ke faɗa. Ta taɓa barin ka a hanya? A wannan kuɗin kana so ka sami mota ɗaya cikakkiya? Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zub da ruwa. Zauna ka ci abinci, kada baƙi su ce muna da wata magana."

Bai zauna ba, amma bai ɗaga murya ba. Ko a nan kara ba ta sake shi ba.

Da la'asar sakaliya ya isa gida. Gul Andam tana tsakar gida tana ɗinke tsofaffin buhuna saboda haƙa. Ya tsaya a kanta ya faɗa mata, a taƙaice, yana shirin ya rarrashe ta saboda ɗan'uwanta ne. Allurar ba ta tsaya ba.

"Kin ji abin da na ce?"

"Na ji."

Ya dube ta da kyau. "Tun yaushe?"

"Kwana tara bayan ka kawo ta. Matar yayana ce ta gaya mini, a wajen bikin Nasira." Sai yanzu ta ajiye buhun. "Lambu ya riga ya tafi, Baban Nasira. Da na faɗa, da ka je masa, da an raba gida biyu a makon da 'yarka ke shiga ɗakinta. Motar kuma ba za ta koma ɗaya ba. Na ce bari biki ya wuce. Da ya wuce sai na ga yadda kake tashi da safe kana goge gilashinta. Shekara goma sha tara ban ga fuskarka haka ba."

"Har na je Dargai kina kallo."

"Na yi maka guzuri," ta ce. "Na san inda za ka tsaya, na yi maka guzurin kwana uku."

Daga ƙasa, wajen gada, ana jin hon ɗin babbar motar fatake. Sun zo zagayen gonaki kamar yadda suka saba, su ga yabanya su yanke farashi tun dankali yana ƙasa. Shekara biyar yana sa su jira shi, yana ce musu bana ba lallai ya sayar a gida ba.

"Buhu nawa kika ɗinke?"

"Sha takwas."

"Ba za su isa ba. Bana ya yi kyau."

Ya cire farar hular ya rataye, ya sa ta aiki. Motar tana ƙofar gida, hancinta ya dubi gangare, makulli a jiki. Ya wuce ta ya gangara gada wajen fataken da ƙafa, a hankali, saboda gwiwoyin.