Mun Kai Mushe Ya Ga Bahago

Mun tashi da asuba daga unguwar Birni ta Damagaram, ko tasbihi ba mu ƙarasa ba, mu huɗu cikin tsohuwar motar wani ɗan fadarmu ta shan shayi, wadda ba ta tashi sai an tura ta. Ni da Tela muka tura. Mushe, kamar yadda muke kiran tsohon malaminmu na lakwal, wato makarantar boko, yana zaune a gaba da sandarsa a kan cinya, yana ba mu umarni kamar har yanzu yana gaban aji. Waɗanda suka ga hotunanmu suna ta tambaya me ya kai mu ƙauye bayan Hamdara, ba biki ba ta'aziyya. To, Bahago muka je nema.

Yaran yanzu ba su san shi ba. Lokacin da muke samari shi ne ɗan wasan gefen hagu na ekip ɗin ƙwallon ƙafa na unguwarmu, siriri, mai tafiyar wanda bai karya kumallo ba. Ranar da ya ga dama, sai ya ɗauki balo daga tsakiyar fili ya ratsa mutane ɗaya bayan ɗaya, ya bar mai tsaron gida zaune a ƙasa. Ranar da bai ga dama ba kuwa, sai ka rantse wani aka ara wa rigarsa. Ya riƙe ƙugu yana kallon sama, balo ta wuce ta gabansa ko gaisawa ba su yi. Kuma ba ka sanin wace ranar ka faɗa sai an busa usur. Da aka fara maganar za a kai shi Yamai, babban birnin ƙasa, ya yi wasa biyu a jere na ban kunya a gaban waɗanda suka zo kallonsa. Daga nan ya tattara ya koma gonar ubansa.

Tun daga lokacin fadarmu ta rabu gida biyu a kansa. Mushe ya ce bai taɓa ganin ƙafar hagu irin wannan ba, har a talabijin. Tela ya ce malalaci ne kawai da Allah ya ba shi kyauta ya wulaƙanta ta. Mun yi aure, mun aurar, wannan gardama ba ta tsufa ba. Ni dai ina bin wanda ya sayi sukarin shayin ranar.

Abin da ya tayar da tafiyar shi ne idon Mushe. Likita ya ce jijiyar ce take mutuwa, ba abin da za a yanke a cire. Yanzu sai rana ta take sosai yake ganin mutum, da ta karkata kuwa duniya ta koma masa inuwa-inuwa. Wata rana yana kurɓar shayi ya ce, kamar da wasa, yana son ya ƙara ganin Bahago ya taɓa balo kafin fitilar ta ɗauke. Ba wanda ya yi dariya. Tela ne ya fara kawo nasa kuɗin esansi, wato man mota, yana cewa shi zai je ne don ya tabbatar wa Mushe shekarunsa a banza ya ɓata.

Hanyar Mirya lafiya lau, kwalta ce, sai ramuka nan da can da direbanmu ya sani kamar 'ya'yansa. Kaka ta yi, amalanken shanu sai wucewa suke da dammunan hatsi, mata a bakin hanya da tulin gujiya. A Mirya muka tsaya karyawa. Ƙosai mai zafi, amma ya ƙanƙance, na dala ashirin bai cika tafin hannu ba, alhali da muna yara da shi kake ƙoshi har ka rage wa ƙanenka. Mai shayin wurin dattijo ne, da ya ji sunan da muke ta ambata sai ya ajiye butarsa. Ya ce ya taɓa takawa a ƙasa har Damagaram don ya ga Bahago, ranar kuwa mutumin nan ko gumi bai yi ba. Tela ya miƙa masa hannu suka tafa. Sai dattijon ya ƙara da cewa mako na gaba ma ya sake takawa. Tela ya janye hannunsa.

Bayan Hamdara muka bar kwalta muka shiga rairayi. Nan motar ta nuna halinta, ta kafe, muka fito muna tono da hannu, Mushe yana ciki yana gyara mana aiki. Wasu manoma suka zo suka tura mu, suka ƙi karɓar ko na goro. Duk wanda muka tambaya gidan Bahago sai ya ce bai san shi ba, sai mun kwatanta shi sannan ya ce, af, mai shanun noman nan. A can ba wanda yake kiransa da sunan fili.

Rana tana tsaka muka isa, hasken da ya fi dacewa da idon Mushe. Bahago ya fito daga rumbu da ƙaiƙayi a gemu. Ya yi jiki, furfura ta fito, amma tafiyar nan ta rashin gaggawa tana nan yadda muka san ta. Da ya gane Mushe sai ya durƙusa har ƙasa. Na ga Mushe ya kama fuskarsa da hannu biyu ya matso da ita kusa, ni kuwa na kau da kai don idona ya cika.

Daga nan al'ada ta karɓe mu. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura mai sanyi a ƙwarya. Aka ce sai mun je mun gai da mai gari, muka je, ya tambayi lafiyar Damagaram unguwa-unguwa. Muka dawo aka yi azahar. Bahago ya sa aka kama zabi biyu, ya rantse ba mai motsawa sai an ci. Da Mushe ya faɗi abin da ya kawo mu, ya faɗa a dunƙule, cewa ya yi marmarin ganin ƙafar nan. Bahago ya yi dariya ya ce wannan mai sauƙi ne, samari suna bugawa bayan la'asar a gonar da aka girbe, zai shiga.

Nan muka yi kuskuren. Duk mun san abin da bayan la'asar yake nufi ga idon Mushe, muka kalli juna, ba wanda ya buɗe baki. Ta yaya za ka tona lalurar babba a gabansa, a gidan mutane, ana tsakar yi maka girki? Shi kuma Mushe ba zai taɓa cewa a yi sauri don ya kusa makancewa ba. Haka muka zauna muna cin naman zabo mai daɗi, ina kallon inuwar darni tana tsawo.

Da aka fara wasan akwai sauran haske. Fili ne na kututturen kara, raga kuwa sanduna ne da igiya a sama. Bahago ya naɗe wando ya shiga ba takalmi. Muka zaunar da Mushe a inda rana take bayansa. Sai mutumin naku ya riƙe ƙugu. Aka ba shi balo, ya mayar wa wanda ya ba shi. Aka sake ba shi, ta bi ta ƙarƙashin ƙafarsa. Har ya tsaya yana amsa gaisuwar wani mai jaki. Mushe ya tattara dukan ganinsa yana bin sa, wuyansa a miƙe, yana cewa a hankali, bari dai, yanzu zai tashi. Na zaci Tela zai fara tsiya, amma ko tari bai yi ba.

Rana ta faɗa bayan itatuwa. Na ga Mushe ya daina juya kai, ya sunkuya yana wasa da sandarsa a rairayi. A lokacin ne balo ta zo wa Bahago daga sama. Bai ko kalle ta ba. Ya kwantar da ita da hagu, ya yi kamar zai fita waje, samari biyu suka bi iska, ya ɗaga ta ta saman na uku, kafin ta sauka ya murza ta ta lanƙwasa ta shige ƙarƙashin igiya. Ni mai jikoki na tsinci kaina a tsaye ina ihu.

Mushe ya ɗago ya ce, "Me ya faru? Shi ne?"

Sai Tela ya matsa ya durƙusa a gefensa, ya kama hannunsa. Ya fara ba shi labari tun daga saukowar balo, yana zana masa kowane motsi da yatsa a tafin hannu, inda ta sauka, inda samarin suka faɗi, yadda ta lanƙwasa. Da ya gama ya ce, "Mushe, wallahi ban taɓa ganin irinta ba."

Da za mu tafi ne Bahago ya lura ana jan Mushe da hannu zuwa mota. Ya tsaya cak, ya tambaye ni a gefe, na gaya masa. Sai ya ce da mun faɗa masa, da rana tsaka zai tara samarin, zabi su jira. Ya je ya roƙi Mushe mu kwana, gobe da hantsi a sake bugawa.

Mushe ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗana, wa ya san wane Bahagon zai fito gobe? Bar ni da wannan."

Bahago ya cika mana bayan mota da gujiya da damin hatsi, muka kamo hanya. Har muka hango duwatsun Damagaram ba wanda ya tayar da gardama, karo na farko a sanina.

Abin da na koyo a tafiyar nan bai da daɗi. Kunyar da muke taƙama da ita ta ci mana hasken yini guda, kuma irin wannan hasken bai rage wa Mushe da yawa ba. Magana ɗaya ce da ta isa, mu huɗu muka kasa furta ta. Har yanzu abin yana damuna.

Shekaranjiya a fada na tarar da Mushe yana ba mutane labarin ƙwallon, yana kwatanta lanƙwasarta da sanda. Wani maƙwabcinmu da ya san halin idonsa ya ce, "Amma Mushe, kai ka gani kuwa?"

Tela bai ɗago daga kan keken ɗinkinsa ba. Ya ce, "Ya gani. Ina kusa da shi."