Abin da Na Binne a Gindin Gwaiba

Ranar da aka yi wa Baba aiki a hanji, wata nas ta miƙo mini roba mai murfi, ƙullutun da aka ciro yana ciki, da wata takarda. Ta faɗi wani abu, wallahi ban ji ba, hankalina yana kan numfashin Baba. Na dawo gidanmu na Nassarawa, na sa mai kula da fulawoyinmu, wani dattijo ɗan Jigawa, ya haƙa rami a gindin gwaiba. Naman musulmi ai ƙasa ake ba wa. Na naɗe shi a farin ƙyalle muka rufe, har ina jin na yi abin kirki.

Bayan sati uku muka koma asibiti. Hoto ya nuna abin ya taɓa hanta. Likitar da ke duba Baba ta ce ciwon daji take zargi, amma kada mu karaya, akwai wani magani yanzu. Masu bincike sun yi shekaru suna gwada shi a ɗakin gwaji, a kan ɓeraye, sannan a kan marasa lafiyar da suka yarda, kafin a sake shi ga likitoci. Ba shi ke kashe ciwon ba, garkuwar jikin mutum yake tasa ta yi faɗan da kanta. Sai dai ba kowa yake yi wa ba. Dole a yanka naman siriri-siriri a duba tukuna.

"Hajiya, ina sakamakon naman da aka ba ki ki kai gwaji?"

Innalillahi! Gwaji? Ni da digirina, ni da nake yi wa ƙannena kallon marasa kan gado!

"Na binne," na ce.

Ta ajiye biro. Na ce a tono mana, yanzu-yanzu zan koma. Ta ce sati uku a ƙasa, babu abin da ya rage. Sai an sake ɗibar wani daga hanta, kuma yadda jininsa ya yi ƙasa, ba za ta taɓa shi yanzu ba. Sai ya ƙara ƙarfi, in ya ƙara.

Na kasa kallon Baba. Sai na ji muryarsa, a hankali, daga keken marasa lafiya da yake zaune a kai.

"Likita, kada ki ga laifinta. Ni na sa ta."

Baba bai ma san an ba ni robar ba sai a wannan zaman.