Fitila a Kan Kifin Falo

Shekarar da ciwo ya taɓa wa Baba ɓarin jiki, muka ɗauko shi daga ƙauyenmu na bakin ruwa, can gaba da Wara, muka kawo shi gidana a Yelwa. Inna ta riga ta rasu, likita kuma ya ce kada a kuskura a bar shi shi kaɗai. Mutumin da ya yi rayuwarsa kaf cikin kwale-kwale, sai ga shi a kujerar falo yana kallon labule. Abinci kuwa sai ya tsakura ya ture. Kullum ƙara ramewa yake yi, kullum kuma maganarsa ɗaya: ya aika wa ɗan ƙanensa mai jirgi ya zo ranar kasuwa ya mai da shi gida. Na san halin ubana. Idan ya shiga jirgin nan ba zai dawo ba, kuma can babu mai ɗaga shi idan ya faɗi. Tsoro nake ji ƙwarai, ko barcin kirki ba na yi.

Maigidana malamin makaranta ne, Allah ya yi shi da son dabara, irin wadda ba a tambaye shi ba. Shi ya ce ai ruwa Baba yake kewa, to a kawo masa ruwan. Bai jira ta bakina ba ya buga waya Kano, aka aiko masa da akwatin gilashi da kifayen ado cikin leda, jajaye da masu ruwan zinare, wutsiyoyinsu na jan ruwa kamar gyale. A garin da ake shanya kifi bisa tabarma kamar gero, mu ne muka yi odar kifi a mota. Direban da ya kawo su ya ƙi tafiya sai da ya ga mai gidan da idonsa.

Baba ya dube su sau ɗaya ya ce, "Waɗanga kihi na? Wa yay yi musu lalle?" Ya mai da fuskarsa ga labule.

Maigida bai karaya ba. Ya ce duhu ne ya ɓoye kyawunsu, domin wanda ya taɓa gani a wani otal da fitila a samansa. Kuma ba kowace fitila ba, sai dogon ƙwan nan fari da ake cewa fuloresan, wanda zai shimfiɗa haske daga wannan gefe zuwa wancan. Matsalar ita ce mutane sun daina yayinsa, kowa ya koma ƙananan ƙwayaye. Sai da ya zagaye kasuwa kafin wani mai shago ya zaro masa ragowar daga ƙarƙashin kanta. Iri biyu ne kawai, gajere wanda bai kai tsawon akwatin ba, da dogo wanda ya zarce shi. Ya ɗauki dogon, ya sa kafinta ya yi masa murfin katako daidai da ƙwan, ba daidai da akwatin ba. Murfin ya leƙo dama, ya leƙo hagu, ya tare rabin ƙofar ɗakina, har yau ina da tabo a kafaɗa.

Sai kuma rigimar launi. Da aka gwada fari fat, Baba ya ce kifin sun koma irin wanda ya kwana cikin jirgi bai samu mai saye ba. Maigida ya tafi ya aro shuɗi wajen mai aski. Wannan kam gidan gaba ɗaya ya shafa, kowa ya koma kamar marar lafiya. Maƙwabciyata ta shigo gai da Baba da jiki, ta dube shi, ta dube ni, ta tsallake shi ta zo gabana tana cewa, "Sannu, Allah ya ƙara sauƙi, ashe ke ma kwance kike?" Ranar na ce ko ni ko shuɗin nan. A ƙarshe aka samu wani mai ɗan ja-ja kamar hasken la'asar, Baba bai yaba ba amma bai kushe ba, muka ɗauka ya amince.

Haɗa wayar ma maigida ya ce shi zai yi. Ya shimfiɗa kayan a tabarma yana yi mini bayani kamar ni ce ɗalibarsa: wannan ƙarfen mai nauyi shi ne coki, wannan ɗan gwangwanin kuma sitata, shi ke tayar da ƙwan. Ya naɗe bakin ƙwan da robar tayar keke don kada gumin ruwa ya shiga. Da ya rasa soket kusa, sai ya jawo wuta daga makunnin fanka. Saboda haka in ana son ganin kifi dole a sha iska, ko da sanyi ake yi. Da aka kunna, ƙwan ya yi ta ƙyaftawa bai tsaya ba. Baba ya ɗaga kai ya ce, "Hadari ya taso, ku kwashe shanya." Kunya ta hana maigida yi wa surukinsa musu. Haka ya fita tsakar gida, rana na dukansa, ya kwashe mini wankin da bai bushe ba.

An canja sitata, ƙwan ya tsaya, sai wani abu ya ɓullo. Duk wanda ya taɓa ƙarfen bakin akwatin sai ya ji an fizge shi. Ni aka fara yi wa, na yi salati na zubar da abincin kifin. Baba ya ce a matso da kujerarsa. Ya kai yatsa, ya janye, sai na ga idonsa ya yi haske, abin da ban gani ba tun zuwansa. "Akwai minjirya cikin ruwan ga," in ji shi, wato kifin nan mai jan mutum kamar lantarki. Ya yini yana leƙen ƙarƙashin tsakuwoyi yana nemanta. Kafin yamma labari ya bazu, tsofaffi mata masu sanyin ƙashi suka fara sallama suna roƙon a bar su su taɓa. Maigida ya tsorata, ya kashe wuta, ya gano wata waya da ta saɓule tana gogar ƙarfe, ya naɗe ta da salatif. Baba ya taɓa ya ji shiru, ya ce, "Ta tahi. Ita ma ba ta iya zaman gidan ga." Na shiga ɗaki na yi kuka, domin saura kwana ɗaya kasuwa ta ci.

Da aka idar da magariba aka kawo wuta. Maigida ya kunna fanka, fitilar ta kama lafiya lau, karo na farko babu ƙyaftawa babu fizga. Ya kashe ƙwan falo don a ga kyan aikinsa. Kifayen nan duk suka taso suka taru a ƙarƙashin haske.

Mun manta da abu guda, ni da aka haifa a bakin ruwa ma na manta. A wurin masuntanmu ba a kunna wa kifi fitila don a kalle shi. Ana rataye ta bisa ruwa ne ya taru, sai a ɗaga atala, babbar komar nan mai sanduna, a kwashe shi. Baba ya gyara zama, ya rage murya yadda ake yi cikin jirgi, ya ce, "Ke, miƙo min rariya. Malam, ɗaga murhin ga sannu, kak ka yi motsi."

Na dubi maigida, ya dube ni. Na miƙa wa Baba rariya, maigida kuma ya matsa kusa da akwatin. Ya ɗaga murfin. Baba ya zura rariyar tatar kokona da hannunsa mai lafiya, ya taimaka da ɗayan, ya jira, ya jira, sannan ya ɗago gaba ɗaya. Ko ɗaya bai tsira ba. Ya juye su cikin kwanon da maigida da kansa ya tara masa, maigidan na cewa, "Madalla, Baba, madalla."

Ni na soya su. Ba su da nama, ƙaya ce zalla da wutsiya, kuma lallen nasu ya tafi cikin mai. Baba ya ce a kawo tuwon shinkafa. Ya cinye malmala guda, ya nemi ƙari, ya suɗe kwano. Yana wanke hannu ya ce wa maigida, "Ruwan ga ƙarami na, amma yana badawa. Ka hwaɗa ma yaron ga mai jirgi kar shi wahal da kainai. Gobe kuma kak ka kunna da wuri, kihi ya hi taruwa in duhu ya shiga."

Maigida ya tsaya gaban akwatinsa, ruwa da tsakuwa da haske, babu ko motsi. Ya jima a nan. Sannan ya biyo ni madafa da bokiti a hannu, ya tambaye ni a hankali ko da wane lokaci masu jirgi suke fitowa bakin ruwa da safe, kuma a cikinsu wa ke yarda ya sayar da kifi da ransa.