Kaffarar da Barakatu Ta Dafa

A Sandamu, in aka ce Barakatu mai daddawa, abu biyu ake tunawa: daddawar da ake aikowa saye tun daga Daura, da bakin da ba ya magana biyu. In ta ce a'a, ko da kuka ka zo, da kukanka za ka koma. Ita ta raini ƙanenta Saminu bayan rasuwar iyayensu, ta yi masa aure, har yau kuma kallon ɗan goye take masa duk da furfurar gemunsa.

Saminu ɗan rakiyar shanu ne zuwa Kudu a bayan tirela. A hanya ya koyi haɗiyar ƙwayar Baliyam, wai don barci ya ɗauke shi a tsakanin ƙahonni, a can kuma ya ƙara da giya. Da labari ya iso kunnen Barakatu, ba ta yi wata-wata ba. Ta sa shi ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani ya rantse ba zai ƙara kai ko ɗaya bakinsa ba. Ragowar ƙwayoyin ta watsa a masai, ta koma kan tukunyar kalwarta tana jin ta gama aiki.

Ashe aikin bai ma fara ba. Kafin mako ya zagayo Saminu ya daina barci, ga gumi, ga karkarwar hannu har koko ba ya iya kaiwa baki. Ya riƙa kakkaɓe kunamun da shi kaɗai ke gani. Maƙwabta suka ce iska ce. Ran nan da hantsi ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga, sai asibiti a Daura.

Da ya farfaɗo, likita ya dubi Barakatu. "Hajiya, niyyarki mai kyau ce. Amma jikin da ya saba da ƙwayar nan da giya, in aka yanke masa lokaci guda, yana iya zama ajali. Haɗa su ma kan tsayar da numfashi. Giya kam ya bar ta ke nan. Ƙwayar kuwa zai sha yadda zan tsara, muna ragewa kaɗan-kaɗan."

Saminu ya juya fuska bango. "Yaya, na dafa Alƙur'ani. Gara in mutu."

Ta san taurin kan nan a wurinta ya sha shi. Ta hau mota ta koma Sandamu, ba ta zame ko'ina ba sai zauren Malam Jafaru, limamin unguwarsu. Malam ya ce, "Rantsuwar da za ta halaka rai karya ta ake yi, Barakatu. A yi kaffara, a ciyar da mabukata goma."

Da wata ce, da ta aika da hatsi a ɓoye an rufe zancen. Ita kuwa ta hura wuta da rana tsaka, ta tuƙa tuwon dawa, ta kaɗa miyar kuka da daddawar da ta fi ji da ita. Duk wanda ya tambayi hidimar me ake, sai ta ce, "Rantsuwar da na sa ƙanena muke karyawa. Ni na yi gaggawa." Mutanen Sandamu ba su taɓa jin irin wannan daga bakinta ba.

Da la'asar ta koma asibiti, ta karɓi ƙwayar daga hannun nas, ta tsaya a kansa. "An ci, an yi maka addu'a. Buɗe bakinka, Saminu."

Ya buɗe.

Bayan an sallame shi, a haɓar zaninta ƙwayoyin suka zauna. Ita ke ba shi, ita ke raka shi wurin likita a rage. Wata ran ya yi mata tsawa, wata ran ya yi kuka ya ce ta ƙara masa, nan kuwa a'ar Barakatu ta yi rana. Matan unguwa suka riƙa cewa mai daddawa ta koma dillancin ƙwaya. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ba ta fasa ba.

Damina ta wuce, aka yi girbi, haɓar zani ta zama wayam. Saminu ya bar bin tirela, ya kama kiwon raguna a gida. Wata safiya ya tarar da yayarsa tana fama da allura, ido ya fara gajiya. Ya karɓa ya zura zaren tashi ɗaya, ya miƙa mata.

Barakatu ta zare zaren, ta sake miƙa masa allurar. "Ƙara yi in gani," in ji ta.